Kwana ashirin da shida ina jiran Alhaji

Har yau in na bi ta gaban ginin hukumar nan sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin na kaina nake ji.

Kafinta ne ni, shagona yana Aboabo. Bara wata hukumar gwamnati a nan Kumasi ta nemi mai kawo mata tebura da kujerun ofis. Takarduna sun cika: shaidar haraji ta GRA (hukumar harajin Ghana), shaidar SSNIT (asusun fanshon ma'aikata), rajistar PPA (hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnati), da takardar lamunin banki. Ranar buɗe tayi ina zaune aka karanto farashin kowa, nawa ne mafi ƙasa. Don zumuɗi har na ba da kafin alƙalami aka ajiye mini katako a Sokoban. Bayan 'yan makonni sai ga wasiƙa, layi uku: ba a zaɓe ni ba. Dalili kuwa, ko kalma.

Nan na tafka ta. Maimakon in ɗauki biro, hula na ɗauka na nufi gidan wani Alhaji na unguwarmu da ake cewa ya san mutanen ciki. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ba a yi wa gwamnati gaggawa, zan yi musu magana." Yau shugaban ya tafi taro Accra, gobe ba ya jin daɗi. Ni ma na yi ta zarya, ina ɗumama benci a ƙofar ofishin sayayya, jami'in ya leƙo ya ce ana dubawa, ni kuma in yi godiya. Godiya fa!

Ɗan ƙanwata mai karatun lauya ne ya farkar da ni. Ya karanta wasiƙar, ya tashi ya sa yatsa a kalandar da ke bangon shago yana ƙirgawa. "Kawu, yau kwana ashirin da shida. Me ka rubuta musu?" Na ce ai ana magana. Ya buɗo mini dokar sayayyar gwamnati ta 2003, mai lamba 663, wadda aka yi wa gyara a 2016. Koke a rubuce ake kai wa shugaban hukumar da ta ba da tayin, cikin kwana 20 daga ranar da ka san abin da aka yi maka. Shi kuma yana da kwana 21 ya amsa a rubuce. In ya yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sannan ka ɗaukaka zuwa PPA. Zaman benci da saƙon baki, doka ba ta san da su ba.

Yaron ya ƙara da cewa araha kaɗai ba ta ba mutum kwangila, ana duba inganci da cika sharuɗɗa. Na yarda. Wataƙila ma da gaskiyarsu. To amma da na rubuta a kwana na biyu, da dole su amsa mini a takarda, in san inda na gaza ko inda suka karkace. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Duk da haka na kai wasiƙar, kwafi biyu, na tsaya sai da sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kan nawa. Amsa ta zo: lokaci ya wuce, an riga an sa hannu da wani. Katakon na sayar da shi da asara.

Ranar Juma'ar da ta wuce na haɗu da Alhaji a bakin masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, maganar nan fa ana nan ana dubawa." Kujerun kuwa wata uku ke nan ana zama a kansu.