Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sawakin, Garin Dutsen Teku

Makon jiya mun tsaya a bakin Bahar Maliya. Yau zan ajiye labarina gefe, domin wanda bai san Sawakin ba ba zai fahimci abin da ke tafe ba.

Garin yana gabashin Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Teku ne ya kutso cikin ƙasa ta wata siririyar hanya kamar wuyan gora, sannan ya buɗe ciki. A tsakiyar cikin nan akwai ɗan zagayayyen tsibiri, wanda mai tafiyar ƙafa zai kewaye cikin rabin sa'a. Nan ne tsohon gari. Igiyar ruwa ba ta shigowa, don haka jiragen da iska ke turawa suka sami makwanci. Mutanen gari na cewa a nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljanu. To, zancen baka ne, Allah ne masani.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya yada zango a nan a ƙarni na 14. Turkawan Usmaniyya sun riƙe garin tun ƙarni na 16, Masar ta karɓa a 1865. Ayarin raƙuma kan taso daga Barbar a bakin Nilu da ƙaro da hauren giwa, har da bayi. Alhazanmu masu tafiyar ƙasa, waɗanda ake kira Takari, ta nan da yawansu suka haye zuwa Jidda, wasu kuma guzuri ya ƙare suka zauna. A zamanin Mahadin Sudan, kwamandansa Usman Digna da mayaƙansa 'yan ƙabilar Hadandawa sun hana Turawan Ingila sakat a bayan ganuwar garin.

Abin da ya ɗaukaka Sawakin shi ya kayar da ita. Da manyan jirage masu tururi suka zo, wuyan goran nan ya yi musu kaɗan, ga murjani, wato dutsen da ke tsirowa a cikin teku, yana ƙara tsuke shi. Turawa suka fara gina Port Sudan a 1905, aka buɗe a 1909, attajirai suka bi kuɗinsu.

Gidajen da suka bari benaye ne, hawa biyu ko uku, na dutsen murjani da aka yanko daga teku, da tagogin katako masu ƙananan huji da ake kira roshan, iska ta shiga, idon waje bai shiga ba. Amma dutsen nan rarake ne kamar soso. Rayuwarsa na ga shafen farar ƙasa da ake sabuntawa a kai a kai. In shafen ya tsage, danshi mai gishiri ya shige, gishirin ya bushe a ciki ya rududduge dutsen, katakon da aka jera cikin bango ya ruɓe, sai bene ya zauna a kan kansa. Ba yaƙi ne ya rusa tsibirin ba, rashin mai shafe ne. Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, sauran kuwa yawanci tsibin farin dutse ne.

Yanayin garin ya juya wa namu baya. Lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, Yuli da Agusta, a Sawakin zafi kan haura digiri 40, ga gumin da ba ya bushewa saboda danshin teku. Masu hali kan hau duwatsu, su fake a Sinkat ko Arkawit. Ɗan ruwan saman da ake samu kuwa sai wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hunturunmu, kuma bai isa noma ba. Shi ya sa ruwan sha ke da tsada, mai jaki da tankinsa ke yawo unguwa-unguwa.

Yanzu hada-hada ta koma ɓangaren tudu, inda sabuwar tasha mai sunan Usman Digna take. Daga nan ake loda tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya, jirgin fasinja kuma ya kwana a ruwa ya wayi gari a Jidda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga layin tikitin jirgin.