Targaɗen da ba targaɗe ba

Sati biyar kenan hannuna na dama yana cikin filasta, da hagu nake danna wayar nan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Abin ba wani babba bane, ruwa aka yi da asuba na fito alwala santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, na kai tafin hannu na dafa ƙasa kamar yadda kowa zai yi. Wuyan hannun ya ɗan kumbura kaɗan, yatsu duk suna motsi, Hajiyarmu ta duba tace targaɗe ne kaje wajen Baba mai ɗori ya ja maka. Naje kuwa, ya ja ya murza ya shafa man kaɗanya yace kwana uku ka manta, kuma ni ban ga laifinsa ba dan ni kaina haka na ɗauka. Kwana uku suka zama takwas, murɗa makullin babur ya gagare ni, murfin kwalba ma sai na miƙa ma ƙanwata.

A asibiti aka yi hoton ƙashi, hoto fes babu komai, har na fara murna. Sai likitan yace Malam ɗaga babban yatsanka sama, na ɗaga, kun san ɗan ramin nan da yake fitowa a gindin babban yatsa ta bayan hannu tsakanin jijiyoyi? nan ya danna, wallahi sai da na miƙe tsaye. Yace a sa filasta ka dawo bayan sati biyu a sake hoto. A hoto na biyu ne wani siririn layi kamar gashi ya fito a jikin wani ɗan ƙashi da bai wuce ƙwallon kashu ba.

Zaman gida ya sa na koma karatun hannu, abin da nake yawo da shi shekara da shekaru ban taɓa ƙirgawa ba. Ni da a tunanina wuyan hannu gaɓa ɗaya ce kawai kamar ƙyauren ƙofa, ashe ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere sahu biyu, huɗu huɗu. Tafin hannu yana da 5, yatsu 14 saboda kowane yatsa uku gare shi banda babba mai biyu, kun ga 27 kenan daga wuyan hannu zuwa farce. A ƙara biyu na sangalin hannu da ɗaya na damtse ya zama 30, sai allon kafaɗa da ƙashin wuya, 32. Hannu biyu 64 cikin ƙasusuwa 206 na jikin babban mutum, kusan kashi ɗaya cikin uku fa.

Nawa da ya tsage sunansa sikafoyid, daga kalmar Girkanci ta kwale-kwale saboda siffarsa, kuma cikin takwas ɗin nan shi ya fi yawan karyewa. Matsalarsa jini ne. Hanyar jininsa ta ɓangaren yatsu take shiga ta dawo baya, to in ya karye a tsakiya rabin da ke wajen sangali zai iya rasa jini, ya ƙi haɗewa ko ma ya mutu, bayan shekaru mutum ya fara fama da ciwon gaɓa bai san daga ina ba. Ga shi ba ya kumbura sosai, ba ya lanƙwasa hannu balle a gani, hoton farko ma sau da yawa ba ya kama shi. Karayar da ake gani da ido, irin ta tsofaffi da hannu zai karkace kamar cokali mai yatsu, wannan ta bakin ƙashin sangali ce, wani likitan birnin Dablin na ƙasar Ireland mai suna Abraham Colles ya bayyana ta tun 1814, ita kam ba wanda zai ce mata targaɗe.

Wani abin da ya burge ni shi ne ƙasusuwan sangalin nan biyu. Ku miƙa hannu kamar za ku karɓi canji sannan ku kife shi, na ɓangaren babban yatsa ne yake haurawa ya gicciye kan ɗan uwansa, shi kuma na ɓangaren ƙaramin yatsa yana nan a wajensa, kansa ne tsinin gwiwar hannu. Wannan zirrr ɗin kamar lantarki in ka bugi gwiwar hannu a jikin ƙofa kuwa ba ƙashi bane, jijiya ce ta ratsa ta bayan ƙarshen ƙashin damtse ba tsoka a kanta, shi yasa ake jin sa har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi.

Ran Litinin mai zuwa zan koma a sake hoto, likita yace in bai haɗe ba a ƙara wasu satuttukan, in ya ƙi kuma sai aiki a sa masa 'yar ƙusa. Kafin nan dai tuwo da cokali nake ci da hagu, Hajiya na zaune tana kallona tana cewa ai da ka bari an sake ja maka.