Ranar Tunawa da Baba a Wusasa

Lahadi, da dare.

Yau muka yi sujadar tunawa da Baba, shekara guda bayan Ubangiji ya kira shi gida. Tun jiya gidanmu na Wusasa ya cika, domin Yaya ya iso daga Abuja da iyalinsa, ƙanwarmu ta zo daga Jos, jikoki kuwa sun kwana a falo a kan tabarmi. Da ladan ya kira sallar asuba a masallacin unguwa, sai Mama ta bi ɗaki ɗaki tana tashe mu kamar yadda Baba ya saba yi, saboda duk tsawon rayuwarsa da wannan kiran yake tashi ya tara mu addu'ar safe. Yaya ne ya zauna a kujerarsa ya karanta Zabura ta 23, amma muryarsa ta sarƙe tun bai kai rabi ba, sai Mama ta ƙarasa da ka.

Littafin da aka karanta shi ne nasa na kansa, tsohuwar fassarar nan ta Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa da Hausa a 1932, wadda Likita Mila, Baturen mishan, ya sha wahala a kanta. Ko da sabuwar fassara ta fito, Baba ya saya ya kuma yaba da sauƙinta, amma bai rabu da tsohuwar ba, yana cewa da ita ya koyi karatu kuma da ita mahaifiyarsa take yi masa addu'a. Bangon ya riga ya rabu, an ɗinke shi da zaren buhu, gefen shafuffukan kuma cike yake da rubutunsa na fensir: sunayen marasa lafiya da yake yi wa addu'a, da ranakun baftismar jikokinsa, da tambayoyin da yake shirin kai wa fasto.

Bayan an tashi daga sujada na shiga tsohuwar majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki na zauna. Ginin ƙasa ne irin namu, da bakan gizo da kauri mai hana zafi shiga, an yi shi lokacin da mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya ta dawo nan a 1929. A cikinta aka yi wa Baba baftisma yana jariri, a cikinta kuma ya fara tsayawa gaban jama'a yana karanta nassi tun yana saurayi. Babbar jikarsa, wadda yake kira amaryarsa, tana kuma ce masa tsohon miji marar cefane, ta biyo ni ta tambaye ni yadda aka yi zuriyarmu ta zama Kirista alhali mu Hausawa ne gaba da baya. Tambaya ce da abokan karatunta suke yawan yi mata a jami'a, kuma na ga tana damunta.

Na ba ta labarin kamar yadda Baba ya sha ba mu. Kakanninmu na cikin mutanen da ake kira Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano, wanda nazarinsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa har aka kashe shi a kan haka, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da ƙauyukan ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani, daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, inda ciwon barci ya shiga ya kashe mutane da yawa. Mahaifiyar Baba tana cikin yaran da suka tsira. Saboda haka Baba bai taɓa yarda a ce masa addininsa baƙo ne a ƙasar Hausa ba, kuma bai taɓa jin cewa sai ya ajiye babbar rigarsa da hularsa kafin ya shiga gidan Ubangiji ba. Yakan ambaci Likita Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, don ya nuna mana cewa ƙaramin garin nan ya ba Arewa abin da ya fi girmansa. Amma da ya gama sai ya ƙara da cewa yawancin masu bin da ya fi ganin girmansu manoma ne da masu jinya waɗanda babu wanda ya rubuta sunansu.

Da rana aka ci abinci a tsakar gida, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suka kawo waina da miyan taushe, suka raira waƙoƙin da yake so daga littafin waƙoƙi. Ana cikin haka Alhaji, amininsa tun suna koyarwa a makarantar firamare ɗaya, ya iso daga Tudun Wada a bayan babur ɗin jikansa, duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi. Bai shiga majami'a ba, kuma babu wanda ya sa ran zai shiga, amma ya zauna kusa da Mama ya yi mata gaisuwa mai tsawo, sa'an nan ya juyo gare mu ya ce, "'Ya'yana, mahaifinku mutum ne mai amana, ku riƙe abin da ya bar muku." Ya tuna mana watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya aka ƙone majami'u da dama. Muna ƙanana a lokacin, abin da kawai nake tunawa shi ne mun kwana a ɗakin matar Alhaji. Abin da ban sani ba sai yau shi ne, bayan ƙura ta lafa, waɗansu matasan ikilisiya sun zo wurin Baba da maganar ramuwa, shi kuwa ya tsare su a zaure tun daga la'asar har dare yana karanta musu Huɗubar Yesu a Kan Dutse, bai bar su sun fita ba sai da kowannensu ya yi masa alkawari.

Ba na so jikokinsa su ɗauka cewa mutum ne mai laushi kawai, domin yana da tsanani wanda ya sha ƙona mana rai muna yara. Ba a sayen ko ashana a gidanmu ranar Lahadi, ba a cin abinci sai an yi godiya, kuma idan damina ta wuce, buhun farko na masara da na dawa majami'a ake kai shi kafin kowa ya taɓa rumbu, ko da shekarar ba ta yi albarka ba. A ganina wannan tsananin da wannan tausayin tushensu ɗaya ne, wato ya gaskata da dukan zuciyarsa cewa duk abin da ke hannunsa ajiya ce, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.

Da yamma Mama ta fito da wani ƙaramin littafin lissafi da ta samu a akwatinsa, ta miƙa wa Yaya. A ciki muka ga cewa daga ɗan kuɗin fanshonsa yake biyan kuɗin makarantar waɗansu marayu biyu na unguwa, ɗaya 'yar ikilisiya, ɗaya kuma jikan wani maƙwabcinmu Musulmi, ba tare da ko ita Mama ta sani ba. Tun rasuwarsa babu wanda ya biya, kuma mun ji cewa yarinyar ta daina zuwa tun zangon da ya wuce. Yaya ya ɗauki nauyin yaron, ni kuma na ɗauki na yarinyar, ƙanwarmu za ta riƙa sayen littattafai da kayan makaranta. Na ɗage komawata Kaduna zuwa jibi, domin gobe da safe ni da Mama za mu je wurin kakar yarinyar mu nemi izininta, daga can mu wuce makarantar mu ji abin da ake binta.