Daga madatsar Dadin Kowa zuwa ƙa'ida guda: inda lissafin ke cijewa

A Dadin Kowa ruwa ke gangarowa daga madatsa ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, wuta ta fito. Ƙarfi biyu ne ke wannan aiki: jan nauyi da ya sauko da ruwan, da ƙarfin lantarki da maganaɗisu da ya haifi wutar. Akwai wasu biyu a can cikin ƙwayar zarra. Ƙaƙƙarfan shi ke ɗaure cibiyarta, rarraunan kuwa shi ke mai da furoton ya koma nutiron, wanda ba don shi ba da rana ba ta ci wuta ba. Injiniya yakan lissafa kowanne da tasa dokar, kuma hakan ya wadatar da shi. Masu nazarin fiziks ne ke neman ƙa'ida guda da za ta haifi duka huɗun.

An taɓa cin nasara sau biyu. A 1865 Maxwell ya nuna lantarki da maganaɗisu abu ɗaya ne, haske ma daga cikinsu yake. Sai Glashow da Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan suka haɗa wannan da rarraunan ƙarfi, aka ba su kyautar Nobel a 1979. Abin lura, lissafinsu ya faɗi nauyin ƙwayoyin W da Z, masu ɗauke da rarraunan ƙarfi, tun ba a gan su ba, kuma a 1983 cibiyar bincike ta CERN a Turai ta same su a wajen GeV 80 da 91 (GeV ma'aunin makamashi ne, da shi ake auna nauyin ƙwayoyi).

Jan nauyi ne ya ƙi shiga sahu. Duk ɗalibin ajin farko a jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko ta Kashere zai iya gano dalili na farko da kalkuleta. Ka ɗauki furoton da elektaron, ka raba ƙarfin lantarkin da ke tsakaninsu da jan nauyinsu. A sama ka rubuta ke², wato tsayayyen adadin lantarki k = 8.99×10^9 da cajin elektaron e = 1.6×10^-19. A ƙasa ka ninka tsayayyen adadin jan nauyi G = 6.67×10^-11 da nauyin furoton, kilo 1.67×10^-27, da na elektaron, kilo 9.11×10^-31. Kada ka wahalar da kanka da tazarar da ke tsakaninsu, tana sama tana ƙasa, soke kanta take yi. Amsar za ta fito kusan 2.3×10^39. Wanda ya samu wani abu daban, galibi ya manta ninka e da kanta ne, ko ya sa giram a gurbin kilo. Ma'anar adadin ita ce, a tsakanin ƙwayoyi jan nauyi ya yi raunin da babu na'urar da ke jin sa.

Dalili na biyu ya fi ciwo. A lissafin kwantam, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyi, amsa takan fito da adadi marar iyaka. A ɓangaren lantarki maganin sananne ne: a auno nauyin elektaron da cajinsa a ɗakin gwaji, a cusa su cikin lissafin, sauran amsoshin su daidaita, har wasu su dace da awo fiye da lamba goma bayan ɗigo. Da aka gwada dabarar a kan ƙa'idar jan nauyi ta Einstein ta 1915 sai ta ƙi. Jan nauyi yana jan duk abin da ke ɗauke da makamashi, har da shi kansa, don haka kowane sabon mataki na lissafi yana zuwa da nasa marar iyakar da ke buƙatar sabon awo. A tsakiyar shekarun 1980 Goroff da Sagnotti suka nuna tun a mataki na biyu ake faɗa wa ramin.

A ce a je a gwada mana? Sai an kai GeV 10^19 kafin kwantam ɗin jan nauyi ya bayyana. Injin LHC na CERN mai kara ƙwayoyi da juna, mai kewayen kilomita 27, GeV 13,600 yake bayarwa. Shi ya sa ƙa'idar zare, wadda ke ɗaukar ƙwayoyi a matsayin ƙananan zaruruwa don haɗa duka huɗun, mai buƙatar fuskoki goma alhali huɗu muka sani, take nan da kyawun lissafinta ba tare da shaidar awo ko ɗaya ba. A ganina a koye ta, amma kada a koyar da ita kamar tabbatacciya.

Ko ƙarfi ukun da suka rage ma ba a gama da su ba. A 1974 Georgi da Glashow suka kawo tsarin SU(5) don haɗa ukun, wanda ya ce furoton zai ruguje bayan shekara wajen 10^31 ko ƙasa da haka. Ba sai an jira ba, tarawa ake yi: tan ɗaya na ruwa yana da furoton kusan 3×10^29. Tankin Super-Kamiokande a Japan na ɗauke da tan 50,000, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse don ya kare shi daga ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, da dubban idanun na'ura masu jiran walƙiya. Da SU(5) gaskiya ne, da ana ganin ɗaruruwa duk shekara. Ko ɗaya ba a tabbatar ba, iyakar tsawon rayuwar furoton ta haura shekara 10^34. Yanzu a can Japan ɗin ana gina Hyper-Kamiokande, mai cin ruwa ninki biyar na wancan.