Saƙon Godiya Ga Jama'ar Unguwarmu Kan Ɓatan Akun Ɗana

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin kaina da iyalina, ina miƙa godiya ga dukkan waɗanda suka tsaya mana a makon da ya gabata, lokacin da akun da na saya wa ƙaramin ɗana ya ɓace. Da yake har yanzu ana ta yaɗa cigiyar a Facebook da zaurukan WhatsApp, ya kamata in fara da sanar da jama'a cewa an ga tsuntsun, an dawo mana da shi, amma Allah bai yi masa tsawon kwana ba, ya mutu a hannunmu bayan an yi iya ƙoƙarin da za a iya yi.

Na sayo shi ne a wurin masu sayar da tsuntsaye a nan Kano, don cika alkawarin da na yi wa yaron cewa idan ya haddace izu biyar zai samu abin da ya daɗe yana roƙo. Aku kuturu ne, mai launin toka da jar wutsiya, kuma bai kai ga sabawa da gidan ko da muryoyinmu ba, iyakarsa fito da ƙwanƙwasa ƙarfen keji da baki. Mai sayarwar ya rage masa gashin fiffike, saboda haka kowa ya ɗauka ba zai iya tashi ba. Da safe ana wanke kejin a tsakar gida sai iskar hunturu ta buga murfin wani bokiti, ya firgita, ya yi sama, iskar ta ɗauke shi ta haye katanga da shi. Daga baya masu kiwon tsuntsaye suka bayyana mana cewa rage gashin fiffike yana rage ƙarfin tashi ne kawai, ba ya hana shi, musamman idan tsuntsu ya tsorata kuma ya samu iska a bayansa.

Godiyata ta farko ga Malam Liman ne da ladanin masallacinmu. Na je da nauyin baki, domin lasifikar masallaci an saba jin ta ne a kan ɓatan yaro ko sanarwar jana'iza, ban san yadda za a ɗauki cigiyar tsuntsu ba. Malam bai bari na gama kame-kame ba, ya ce rai ne kuma dukiya ce, ya sa aka yi sanarwa bayan sallar Azahar, sannan ya tunatar da mutane hukuncin tsintuwa, cewa wanda ya tsinci abu mai daraja wajibi ne ya yi cigiyarsa har tsawon shekara guda. Wannan tunatarwar ta yi amfani fiye da yadda muka zata, kamar yadda zan faɗa a gaba.

Ina gode wa Mai Unguwa, wanda ya aika wa takwarorinsa na unguwannin da ke kewaye da mu, da iyayenmu mata da suka bar yara suka shiga gidajensu suna duba bishiyoyi da saman rufi. Ina kuma gode wa Alaramman makarantar allon da ke bayan layinmu. Kafin ya saki almajiransa su shiga nema, sai da ya tsayar da su a zaure ya karɓe danƙon kowane ɗaya, ya ce aikinsu gani ne da kawo labari, ban da jifa, ban da hawa bishiya. Duk wanda ya san yara da tsuntsu zai fahimci girman wannan hangen nesa.

Akwai wani dattijo mai kiwon tattabaru a unguwar, wanda a da gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi ne ya tsara mana neman. Ya ce tsuntsun keji idan ya kuɓuce ba ya yin nisa da farko, yakan maƙale ne a kan doguwar bishiya mafi kusa ya yi shiru, kuma sau da yawa ba ƙin saukowa yake yi ba, bai iya saukowar ba ne, domin bai taɓa koyon sauka daga irin wannan tsayin ba. Ya ce mu daina yawon rana tsaka, mu fita da sassafe bayan Asuba da kuma gab da Magariba, lokacin da tsuntsaye ke kuka, mu kasa kunne maimakon mu ɗaga kai. Ya sa aka ɗora kejin a saman rufi a buɗe, da ruwa da gyaɗa da ɗanyar masara a ciki, ya kuma ce yaron ya riƙa yin irin fiton da yake yi masa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce mu lura da hankaki, domin duk inda suka taru suna hayaniya a kan bishiya ɗaya, to akwai baƙon abu a wurin. Shi da kansa ya riƙa fitowa cikin wannan sanyi da hazo, da rawani a naɗe har hanci, yana bin darbejiyoyin layi ɗaya bayan ɗaya.

Hankakin ne kuwa suka nuna shi. Wani ɗan garuwa da ke tura kurarsa ta gefen maƙabarta ya ga sun yi dandazo a kan wata tsamiya, ya tsaya, ya hango jar wutsiya a tsakanin rassa. Ya ji sanarwar masallaci, don haka ya ajiye kurar da jarkokinsa a bakin hanya ya tsaya gadi a gindin bishiyar, yana kora hankakin da ihu, ya aiki wani yaro ya kira mu. Kafin mu iso, an samu wanda ya yi masa tayin kuɗi mai kauri a kan ya yi shiru a sauko da tsuntsun a ba shi. Ɗan garuwan nan, wanda abin da yake samu a wuni bai taka kara ya karya ba, ya ce akun yana da mai shi, kuma Liman ya riga ya faɗi hukunci. Da na miƙa masa tukwici daga baya sai da aka yi ta fama kafin ya karɓi rabi, ya ce sauran a saya wa yaro littafi. Ya roƙi kada in ambaci sunansa, na kuma kiyaye, amma mutanen layin sun san shi, ina fatan za su riƙa tuna wannan idan ya ƙwanƙwasa musu ƙofa da ruwa.

Ina gode wa mai gyaran wutar da ya kawo dogon tsaninsa, ya hau a hankali da tawul a kafaɗa, ya lulluɓe tsuntsun ya sauko da shi, duk da cizon da ya sha a babban yatsa har jini ya fito.

Likitan dabbobin da muka kai wa ya gaya mana gaskiya tun daga farko, ban kuwa ji haushin hakan ba. Ya nuna mana raunin sara a bayan wuyan tsuntsun, ya sa na taɓa ƙashin ƙirjinsa da ya fito saboda rama, ya ce ƙishirwa da sanyin dare sun riga sun galabaitar da shi, domin wannan nau'in na dazuzzuka masu ruwa ne irin na Kamaru da Gabon da Kongo, jikinsa bai san bushewar hunturunmu ba. Ya ba shi ruwa da magani ta sirinji, ya ce a ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, a nisanta shi da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro, saboda numfashin tsuntsu ba ya jure hayaƙin da mutum ke jurewa. Washegari ya biyo mu har gida ya duba shi bai karɓi ko sisi ba. A daren ne tsuntsun ya mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda manya suka ɗauki kukan yaron da muhimmanci. Na ga 'yan maganganu a ƙarƙashin cigiyar na masu cewa ana fama da tsadar abinci wasu na neman aku, ban kuma ga laifinsu sosai ba, kowa da abin da ya dame shi. Amma Malam Liman ya tako har zaurenmu, ya zaunar da yaron kusa da shi, ya ba shi labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa don ya lallashe shi. Yaron ya tambaya ko da gaske Annabi ya san da tsuntsun, Malam ya ce ƙwarai kuwa, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Malaman Islamiyyarsa da abokan karatunsa su ma sun zo jaje, Allah Ya saka musu.

Ga abokaina da suka fara karo-karo don a sayo wani akun, na gode ƙwarai, amma ina roƙon a mayar wa kowa kuɗinsa. Likitan ya fahimtar da ni cewa da yawa daga cikin akun da ke shigowa kasuwanninmu daga daji ake kamo su, kuma masu yawa suna mutuwa a hanya kafin su iso. A taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016, an hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, bayan bincike ya nuna cewa a Ghana kaɗai sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 tun daga 1992. Tsuntsu ne da kan rayu shekara 40 zuwa 60 idan ya samu kulawa, saboda haka riƙonsa ya fi ƙarfin yaro ɗan firamare. Mai sayarwar ma ya zo ya jajanta mana, na kuma gode masa da zuwan.

Dattijon nan mai tattabaru ya kawo wa yaron 'yan shila guda biyu, ya ce a tsare su a ɗaki har su saba da gidan kafin a sake su, kuma ya yi alkawarin zai riƙa leƙowa yana koya masa kiwon. Kejin akun kuma yana nan ga duk mai bukatarsa, kyauta.

Ina roƙon waɗanda suka yaɗa cigiyar su taimaka su goge ta, domin har yanzu ana kiran wayata ana ba ni labarin an ga aku a wuri kaza. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raya mana zuri'a, Ya bar zumunci.

Wassalamu alaikum.