Talata, a wani ƙauye kusa da Ringim

Da hantsi na isa gidan Alhajin da ɗansa ya aiko masa da kayan sauti masu tsada: amfilifaya, lasifika biyu, na'urar faifai da ƙaramin akwatin bas. Kukansa biyu ne. Lasifika na gunji ko ba a sa komai ba, da magariba kuma amfilifaya ta ɗauke da kanta. An ba shi shawarar ya sayi na'urar tace wuta irin ta Turai. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, bari mu auna tukuna."

Ƙa'idar wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Da ƙarfe goma sha ɗaya mita ta nuna 204. Da aka tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ta faɗi 188, bayan sallar magariba kuwa 165. Nan matsalar take. Yawancin na'urorin tace wuta an ƙera su ne don ƙasashen da wutarsu ke tsaye. Suna rage ƙazantar da firji da caja ke zubawa a layi, suna tare bugun wuta na farat ɗaya, amma ba sa ɗaga bolt ko ɗaya. In 165 ta shiga, 165 za ta fita.

Abin da gidan ke buƙata sitabilaiza ce, kuma ba mai ƙas-ƙas ɗin nan ta firji ba. Waccan tsalle take daga mataki zuwa mataki, sau da yawa ana jin tsallen a lasifika. Irin da ake kira servo, wadda ƙaramar mota ke jan burushin gawayi a kan nadin waya, ita ke gyara wuta sannu a hankali. Aibinta dai burushin na cinyewa, ƙurar hunturu kuma na shiga ciki, sai an riƙa busawa.

Lissafin girma: amfilifaya wat 400, akwatin bas 200, na'urar faifai 30, jimla 630. In aka raba da 0.8 don a mayar da wat zuwa VA, ma'aunin girman sitabilaiza, ya kusa VA 800. Amma sitabilaiza na rasa kusan rabin ƙarfinta idan wuta ta yi ƙasa sosai, don haka na rubuta masa mai VA 2000, wadda ke karɓar wuta daga 140, mai jinkirin kunnawa bayan an dawo da wuta.

Gunjin kuwa ba daga layi yake ba. Na kwance soket, ramin sama fayau, babu wayar ƙasa sam, wato wayar da ake haɗawa da sandar da aka kafa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta zurare. Mun kafa sandar jan ƙarfe a bayan ɗaki kusa da magudanar ruwa, domin ƙasar nan rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta ɗaukar wuta. Muka jawo sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 daga akwatin fis, layin kansa, ba tare da firji ko famfon burtsatse ba, aka haɗa kayan duka a soket ɗaya. Gunji ya tafi.

Na hana shi sa kayan a ƙaramin janareta, inbatarsa ma, mai mayar da wutar batir ta zama ta gida, ba mai tsaftatacciyar wuta ba ce, tana sa tiransifomar amfilifaya kuka da zafi. Da damina kuma in hadari ya haɗo da tsawa, a zare filogi kawai.

Ranar Asabar zan shiga Sabon Gari in duba sitabilaizar. Na'urar tacewa sai an saurari kayan mako biyu, in da sauran ƙara, a sa ta bayan sitabilaiza.