Kwayamasta da kunnensa yake aiki

Mutane da yawa in sun ganni ran Lahadi a gaban kwaya, wato mawaƙan coci, ina kaɗa hannu sai su ɗauka aikin kenan, alhali kaɗa hannun nan shine mafi sauƙi a ciki, kowane yaro mai natsuwa zai iya koyon bugu uku da bugu huɗu cikin ɗan lokaci. Ainihin aikin yana wajen firaktis na yamma, lokacin da mutane suka taso daga kasuwa da ofis a gajiye, wani daga Kakuri, wata daga Narayi, wani tun daga Gonin Gora yake hawo Keke Napep zuwa Sabon Tasha a nan Kaduna, ga shi an ɗauke wuta babu man janareto, kibod na ajiye ba amfani, kai kaɗai ne da kunnenka da muryoyi kashi huɗu, daga sama zuwa ƙasa: sofrano, alto, tena da bes.

A kwayar yara na fara, ina alto har murya ta fashe na koma bes. Dattijon da ya koya mana, Baba muke ce masa, bai je makarantar kiɗa ba amma solfa a kansa take, zai rubuta d r m f s l t a allo da alli ya ce mu bi shi. Tsarin nan daga Ingila ya zo, John Curwen ne ya yaɗa shi a ƙarni na 19 bisa aikin Sarah Glover, 'yan mishan suka shigo mana da shi, kuma har gobe da shi nake fara koya wa kowa don ba ya buƙatar komai sai allo da baki. Amma ina matsa wa matasa su koyi karanta nota na kan layuka biyar ɗin nan ma, saboda wanda ke son rubuta jarabawar kiɗa ta MUSON ta Legas ko ABRSM ta Ingila solfa kaɗai ba za ta kai shi ba.

Abun da ya fi ɓata min rai a sana'ar nan shine a ce wa mutum ba shi da murya. Akwai wata uwa mai sayar da kayan miya, kullum tana zama a bencin baya tana jiran 'yarta mu tashi, na lura ƙafarta ba ta taɓa kuskure bugu. Na ce Mama me ya sa ba za ki shigo ba? Ta ce Malam rufa min asiri, tun firamare aka ce in dinga motsa baki kawai. Na ce to ki rera min wadda kike yi in kina wanke-wanke. Da ta buɗe baki, murya ce mai kauri mai daɗi, tana zaune daram a ƙasa, ashe duk shekarun nan sofrano ake tilasta mata inda wuyanta ba ya kaiwa. Na sa ta a alto tsakanin mata biyu da suka ƙware, na ce kar ki damu da takarda tukuna, ki saurare su kawai. Yanzu in alto suka ɓace ita suke bi su dawo hanya.

Kwaya kuma in babu kiɗa tana yawan zamewa ƙasa, ku fara waƙa a wani ki, wato matakin murya, ku ƙare a ƙasansa ba wanda ya ankara. Yawanci numfashi ne ke ƙarewa kafin ƙarshen layi, ko gajiya, ko kowa na ƙoƙarin a ji tasa. Lokacin hunturu abun ya fi tsanani, ƙura ta busar da maƙogwaro daidai sanda muke shirin Kirsimeti, shi ya sa nake ce musu kowa ya zo da ruwan ɗumi. Maganin da na samu shine in kashe makirfo, mu yi da'ira, mu rera a hankali baki a rufe, in ce wa 'yan bes in ba kwa jin alto to kun yi ƙara da yawa. Gaskiya manyan sipikun da suka cika coci-cocinmu sun lalata kunnen yara da dama.

Sai batun Hausa. A kwayarmu akwai Bajju, Atyap, Gbagyi, Ham, Adara, har da Yarabawa da Ibo, Hausa ce ke haɗa mu, kuma Hausa tana da hawa da saukar murya da dogon wasali da gajere. Waƙoƙin da aka fassara aka ɗora kan karin Turawa wani lokaci sai gajeren wasali ya faɗa kan doguwar nota, kalmar ta fito a karkace. Ku saurari Zumuntar Mata ta coci da tulun da suke kaɗawa, ɗaya ta bayar sauran su amsa, za ku ji kowace kalma ta zauna inda ya kamata. Don haka in zan tsara sabuwar waƙa sai na yi ta faɗin kalmomin da baki kaman ina hira, in ji inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan in nemo karin.

Kuɗi kam babu wani sosai, kar in ɓoye wa mai sha'awa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi inda aka cusa kiɗa cikin darasin al'adu da fasaha da ake kira CCA tare da zane da wasan kwaikwayo, ɗan lokacin da ake ba ni ba ya isa, sai lesin ɗin kibod a gidaje ran Asabar da ɗan abin da ake samu a bikin aure. Wasu iyayen na ganin ɓata lokaci ne har sai ranar da suka ji ɗansu ya riƙe tena shi kaɗai a taron yaye ɗalibai.

Yanzu sau ɗaya a wata nakan koma bencin baya in bar wata yarinya 'yar SS2 ta ja firaktis, hannunta na rawa har yanzu amma tana jin alto in sun sauka tun kafin ni in ɗaga kai, wata mai zuwa ita za ta tsaya gaban jama'a a sujadar safe.